Karayar Maska ba za ta jira babban likita ba

An janye yajin aikin ma'aikatan jinya ranar 2 ga Agusta 2025, kwana huɗu da farawa, kowa ya koma bakin aikinsa, hira ta koma kan alawus na kwanan asibiti da kuɗin yunifom. Haƙƙinsu ne, a biya su. Amma abin da ke ci wa mai wannan shafi tuwo a ƙwarya shi ne tambayar da jama'a suka tsallake: me aka yarda nas ya yi da hannunsa? Har gobe ra'ayin da ke mulki a asibitocin ƙasar nan shi ne ƙashi na likita ne, nas kuwa rabonsa gwada zafin jiki, miƙa almakashi, da ce wa mai jinya ya jira. Wannan ra'ayi yana cin hannuwa da ƙafafun 'ya'yan manoma.

Duk wanda ya san Maska da kaka ya san yadda karaya ke zuwa. Babur ya ɗauko buhunan masara zai kai kasuwar Funtua ya kife, amalanke ta danne ƙafar mai kora, bel ɗin injin casa ya fizgi hannu. Da bazara kuma yara ne ke faɗowa daga mangwaro. Uban yaro ya kai shi asibiti, a ɗauki hoto, a ce aikin na likitan ƙashi ne, sai asibitin Shika ko na Dala. Ya lissafa kuɗin mota, kuɗin gado, abincin mai jinya, ga amfanin gona a yashe, sai ya saɓa ɗansa ya nufi gidan mai ɗori. 'Yan boko su ce jahilci ne. Ba jahilci ba ne, mai ɗori yana nan kusa, yana taɓa ƙashin a ranar, kuma yana karɓar abin da ya samu.

Matsalar ɗorin gida sananniya ce. Ana jera karare a ɗaure tamau, alhali gaɓar da ta karye kumbura take yi. Kumburi ya rasa wurin zuwa, jini ya daina kaiwa, cikin sa'o'i kaɗan nama ya fara mutuwa. Yaro ya kwana yana ihu, a ce ɗori ne ke kamawa. Kafin a kwance, yatsu sun yi baƙi, abin da ya rage sai yankewa. Likitocin ƙashi na Arewa sun sha rubuta cewa wannan na cikin manyan dalilan guntule gaɓoɓin yara. To gane wannan alama, sassauta ɗauri, daidaita karayar da ba ta ɓullo fata ba, sa siminti yadda ya dace, da sanin wadda dole a tura tiyata a daren, duk aiki ne da ƙwararren nas zai iya.

Kuma akwai irin waɗannan ƙwararrun. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda ke aiki tun 1959, yana da makarantar da ke horar da ma'aikatan jinya a fannin ƙashi bayan sun gama karatunsu na farko, yana kuma horar da masu sa siminti. Mutum ya je ya ƙaro wannan ilimi ya dawo, sai a jefa shi duk ɗakin da ke da giɓi, ba ikon neman hoto da sunansa, ba ikon rubuta maganin ciwo, ba matakin aikin da ya bambanta shi da wanda ya fito makaranta jiya. An kashe kuɗi an wasa wuƙa, an mayar da ita kube.

A Amurka, rashin likitocin yara a karkara ne ya sa Loretta Ford da Henry Silver suka fara horar da manyan ma'aikatan jinya masu duba marar lafiya da kansu a 1965. A Birtaniya tun 2006 nas ɗin da ya yi horon yana rubuta magani ba tare da sa hannun likita ba. In an ce waɗannan masu kuɗi ne, ga Malawi: tun 1985 take ɗaukar ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, ta ba su horon ƙashi na wata 18, ta rarraba su asibitocin gundumomi, kuma su ne ke ɗaukar mafi yawan aikin karaya a ƙasar.

Za a ce buɗe wannan ƙofa buɗe wa likitocin bogi hanya ne. Wannan magana ba ta cancanci doguwar amsa ba. Mai kemis na yi wa mutane allura a kowace unguwa, mai ɗori na ɗaure yara ba mai duba aikinsa, amma sai nas mai rajista da lasisi ne za a ji tsoro?

Gaskiyar magana, tsohuwar gaba ce tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya. A watan Yulin 2014 Ƙungiyar Likitoci ta NMA ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai ƙarshen Agusta, Ebola na cikin Legas, kuma cikin buƙatunta har da cewa kada a kira wani ma'aikacin asibiti da laƙabin kwansaltan in ba likita ba. An daɗe ita da JOHESU, haɗakar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya, suna ja-in-ja: wa zai shugabanci asibiti, albashin wa zai fi na wa, in an ƙara wa wannan sai wancan ya ajiye aiki. Kowane ɓangare na da laifinsa, amma wanda ya riƙe laƙabi kamar gadon gidansu ya fi ɗaukar alhaki. Manomin Maska bai san kwansaltan ba. Duk mai farar riga “likita” yake ce masa, mace kuma “sista”, abin da yake nema kawai a taɓa ƙafar ɗansa yau. Masu faɗan laƙabin kuwa da yawansu suna Abuja da Legas, wasu sun riga sun tafi Saudiyya da Ingila, sun bar doka tana gadin kujerar da ba kowa a kai.

Su ma ma'aikatan jinyar tafiya suke yi. A Fabrairun 2024 shugaban hukumar da ke musu rajista ya ce sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3, maganin da hukumar ta kawo a lokacin kuma shi ne sai mutum ya yi shekara 2 yana aiki kafin a tantance masa takardun fita. Wanda aka hana shi amfani da iliminsa a gida, tsare takardarsa ba zai zaunar da shi ba.

Tun 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya, kuma da ita aka faɗaɗa aikin ƙananan ma'aikata wajen haihuwa da tazarar iyali. Ya kamata gwamnatin Dikko Raɗɗa ta Katsina ta nemi a shigar da karaya ciki. Ta tura ma'aikatan jinya Dala da sharaɗin su dawo manyan asibitocin Funtua da Malumfashi, ta buɗe musu ɗakin karaya da siminti da injin hoto mai aiki, ta rubuta ƙarara abin da za su yi da wanda za su tura gaba, ta haɗa su da likitan ƙashi ta waya yana ganin hoton. Sannan a kira masu ɗorin yankin a zauna da su, a nuna musu yatsun da suka fara sanyi da ciwon da ya wuce kima, a ba su lambar da za su kira kafin gari ya waye.