Kafin a sayar wa 'yan gwangwan: Kano na buƙatar gidan tarihin masana'antu domin yara

Duk lokacin da aka yi hutun makaranta ko bukukuwan sallah, iyaye a Kano kan shiga lissafin inda za su kai yara su buɗe ido. Amsar ba ta cika wuce wurare uku ba: Gidan Zoo na Audu Bako, wuraren lilo, ko manyan kantunan zamani. Mai son yaransa su ƙaru da wani abu ne yake tunawa da Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa.

Waɗannan gidajen tarihi biyu sun cancanci a je su. Sai dai akwai wani babban ɓangare na tarihin Kano da babu inda za a kai yaro ya gan shi da idonsa, wato tarihin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Kayan wannan tarihi na nan a kulle cikin kamfanonin da suka daina aiki, tsatsa na cin su, wasu kuma ana yanka su ana ɗora wa sikeli. Ya kamata Kano ta ware ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine ta mayar da shi gidan tarihin masana'antu, wanda za a tsara shi domin yara, tun kayan ba su ƙare ba.

Abin da ake da shi a ƙasa

Gidan Makama yana dab da fadar Sarkin Kano, kuma tarihinsa na komawa ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yau yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Yaron da aka kai can zai ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa, da kayan yaƙi, da kayan hawan sallah, da kayan kiɗa, da hotunan zuwan Turawa a 1903, da ɗakin amarya irin na da. Ginin kansa, da zankwayensa da daurin gugansa, darasi ne.

Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa shi ne gidan Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, har da sashen koyar da sana'o'in hannu. Akwai kuma Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, ga mai son yaransa su san tarihin gwagwarmayar talakawa. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ita ce ta fi burge yara, domin a nan ne suke ganin ana tsoma farin ƙyalle a karofi, ya fito da ɗan kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsu.

Abin lura shi ne, waɗannan wurare suna ba da labarin sarauta da mulkin mallaka da siyasa da sana'ar gargajiya. Daga nan labarin ya tsaya. Yaro zai fito ya san Rumfa da Ɗan Hausa, amma bai san abin da kakansa ya shafe shekara ashirin yana yi a masaƙa ba.

Labarin da ba a ba yara

Kano ta daɗe da zama garin masu ƙera kaya. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa ana rinawa a Kano ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. Fatar da Turawa suka riƙa kira fatar Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa take, ta Maroko kawai take bi ta shiga Turai.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi fice, dalar gyaɗa ta zama tambarin gari. Daga nan aka fara tunanin sarrafa kayan a gida. Bompai ce ta fara zama unguwar masana'antu, sannan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya. Aka sami kamfanonin matse man gyaɗa, da masaƙu irin su Bagauda da Gaskiya, da kamfanin keken Raleigh, da na alewa, da na kwanuka, da na takalma, da na turaren Binta Sudan wanda har yau da wuya a rasa shi a kayan lefe ko ɗakin tsohuwa. Majemun zamani kuwa suka yi sansani a Challawa da Sharaɗa.

Dubban magidanta daga Dakata da Brigade da Ja'en da Panshekara da jiniyar kamfani suke tashi. Da albashin masaƙa aka gina gidaje, aka aurar da 'ya'ya, aka biya kuɗin makaranta, wasu har suka sauke farali.

Yadda abin ya lalace ma darasi ne da ya kamata yaro ya sani. Fari da cutar gyaɗa a shekarun 1970 sun kawo ƙarshen dalar gyaɗa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da sinadaran da ake shigowa da su suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin man da injina ke sha ya yi wahalar samu. Atamfa da shadda na waje, musamman na China, suka cika Kantin Kwari a farashin da masaƙar gida ba za ta iya gogayya da shi ba. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa sa kwaɗo a ƙofofi.

Har yanzu akwai kamfanonin da ke aiki a unguwannin uku, na roba da fata da shinkafa da man girki da sauransu. Amma duk mai bin titunan zai ga gine-ginen da suka koma ɗakunan ajiye kaya, da waɗanda ciyawa ta cinye. Yaron da aka haifa bayan shekarar 2010 ya tashi ne yana ganin kusan duk abin da ke jikinsa daga waje aka kawo shi. Idan ba a nuna masa ba, zai ɗauka haka garin yake tun asali, kuma wanda bai san an taɓa yi ba, da wuya ya yi tunanin za a sake yi.

Yadda wasu garuruwa suka yi

Manchester, wadda yaran Kano suka sani ta dalilin ƙwallo, da saƙar auduga ta yi arziki. Da masaƙunta suka mutu, sai ta adana injinan a gidan tarihin kimiyya da masana'antu da ke harabar wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1830, inda ake tayar da su domin baƙi su ga yadda auduga ke zama zare, zare ya zama yadi.

A birnin Nagoya na Japan, an buɗe gidan tarihin Toyota a 1994 cikin ginin tsohuwar masaƙa. Yaro na shiga zai fara da injinan saƙa kafin ya isa wurin motoci, domin da ƙera injin saƙa iyalin suka fara, kamfanin motar sai a 1937 aka kafa shi. A Essen ta Jamus, mahaƙar kwal ta Zollverein da aka rufe a 1986 ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2001.

Ba sai an je nesa ba ma. Gidan tarihin Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya haɗa kayan tarihi da gidan dabbobi da rumfunan masu sana'a a wuri guda. Yaro zai ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, ya ga zaki, ya tsaya gaban maƙerin azurfa ko baduku yana aiki. Shi ya sa iyalai ke cika wurin a ranakun hutu.

Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne kaya na motsi, mutane na aiki, yaro na iya tambaya. Gani ya kori ji.

Yadda na Kano zai kasance

Ba a buƙatar sabon gini. Zauren tsohuwar masaƙa guda ɗaya, mai faɗi da tsayin rufi, ya wadatar. A jera labari uku a ciki: auduga, fata, gyaɗa.

A ɓangaren auduga, yaro ya fara da gurza, ya riƙe mazari ya gwada kaɗi, ya zauna kusa da masaƙin gargajiya ya ga yadda ƙoshiya ke kai da kawo, sannan a kai shi gaban injin saƙa na kamfani a tayar masa na minti biyu a bayan shinge. A ɓangaren fata, ya ga bagaruwar da majema ke amfani da ita, ya taɓa fata kafin jima da bayan jima, baduku ya taimaka masa ya ɗinka 'yar jaka ya tafi da ita gida. A ɓangaren gyaɗa, a ba yara ƙananan buhuna su gina dala da kansu, su lissafa buhu nawa kowane hawa ke ci, sannan su ga yadda ake fitar da mai da tunkuza.

Masu bayani kuwa suna nan da ransu. Tsofaffin ma'aikatan masaƙu da makanikan injina, waɗanda wasunsu ke tuƙa adaidaita sahu ko gadi a yau, su ne suka fi kowa sanin kayan. A ɗauke su aiki, a naɗi muryoyinsu, a karɓi tsofaffin katunan shaidar aiki da hotuna da samfurin atamfofin da suka buga. Kowace shekara ana rasa wasu daga cikinsu, ana rasa abin da suka sani.

Sannan a kula da abubuwan da ke sa uwa ta yarda ta kawo 'ya'ya biyar: inuwa da wurin zama, ruwan sha, banɗaki mai tsafta, wurin sallah, bayani da Hausa da Turanci har da ajami, kuɗin shiga da talaka zai iya biya, da rana ɗaya a mako kyauta ga makarantun gwamnati da na Islamiyya da na allo. Sharaɗa ta fi dacewa da wannan, domin ba ta da nisa da Gidan Zoo, iyali na iya haɗa wurare biyu a fita ɗaya. Bompai ma za ta yi. Challawa dai sai an yi hattara, saboda gurɓataccen ruwan majemu matsala ce da aka daɗe ana kuka da ita, bai kamata a kai yara kusa da shi ba.

Masu ja suna da hujja

Wani zai ce jihar da ke fama da yaran da ba sa zuwa makaranta da asibitocin da ba magani, ina ita ina gidan tarihi? Maganar gaskiya ce, shi ya sa bai kamata aikin ya rataya a wuyan gwamnati kaɗai ba. Nata shi ne ta ba da goyon baya da doka. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA, da gidajen attajiran da suka yi arziki a waɗannan unguwanni, su ne ya kamata su ba da gini da injina da kuɗin tafiyarwa. Injin da za a sayar a farashin ƙarfe ba asara ce mai girma ga mai shi ba idan ya bayar da shi, ga kuma sunansa a jiki. Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano na da malaman tarihi da injiniyoyin da za su iya tsara bayanai da gyaran injinan.

Wani kuma zai ce masana'antun ake so a farfaɗo da su, mayar da su gidan kallo tamkar yi musu jana'iza ne. Amsa ita ce zaure ɗaya ba zai hana sauran kamfanoni tashi ba, kuma yawancin injinan da ake magana a kai sun tsufa, ko an samu wuta ba za su yi gogayya da na zamani ba. Ana sa ran bututun gas na AKK da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 zai kawo wa masana'antun Kano sauƙin makamashi. Idan hakan ta tabbata, za a buƙaci matasan da ke sha'awar injin, ba masu jiran aikin ofis kaɗai ba. Sha'awar nan tun ana ƙanana ake dasa ta.

Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi: gidajen tarihin da ake da su ma ba su samun kulawar da ta kamace su, sabon zai iya zama wani kangon. Don haka tun farko a ba shi kwamitin amintattu mai zaman kansa, da asusun da ake bayyana wa jama'a, da hanyoyin samun kuɗi kamar rumfunan masu sana'a da ziyarar makarantu masu zaman kansu.

Kafin a kai ga haka

Iyaye da malamai ba sai sun jira ba. Ranar Asabar guda ta isa a fara da Gidan Makama da safe, a biya ta marinar Ƙofar Mata, a leƙa wurin dukawa a Kasuwar Kurmi. Makarantu na iya rubuta wa kamfanonin da ke aiki takardar neman izinin kai ɗalibai, bisa sharaɗin kiyaye lafiyarsu. Idan akwai tsohon ma'aikacin kamfani a gida ko a unguwa, a zaunar da yara gabansa, a kunna waya a naɗi hirar.

Ga masu kamfanonin da suka rufe kuwa, roƙon ɗaya ne: kafin a kira 'yan gwangwan, a ware injin ɗaya daga kowane iri, da allon sunan kamfani, da littattafan samfuri. Ranar 18 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano na iya amfani da mai zuwa ta tara masu masana'antu, a fara rubuta abin da ya rage da inda yake. Gini ana iya samunsa ko bayan shekara goma, amma injin da aka narkar ya tafi ke nan.