Kafin Amana ta Shigo Gida: Tanadin Mazaunin Aksolotil



Wata wasiƙa ta iso mini daga wani ɗan uwa mazaunin Faransa, yana cewa ɗiyarsa mai shekara tara ta hana shi sakat a kan sai ya saya mata wata halitta da ake kira aksolotil. Ta fara ganin ta ne a wasan Minecraft, wanda ya shigar da ita cikinsa a 2021. Tambayarsa biyu ce: shin ya halatta a ajiye ta, kuma me zai tanada kafin ya kawo ta? Na ga ya dace in amsa a nan, domin yaranmu na Yamai da Maradi da Garwa su ma wayar tana hannunsu, kuma abin da yaro ya gani a waya ba ya daɗewa bai zama kuka a tsakar gida ba.

Aksolotil ba kifi ba ne, ko da yake a ruwa yake rayuwa. Dangin kwaɗo ne, sai dai shi Allah Ya bar shi da siffar ƙuruciya har tsufansa: ba ya fita tudu, kuma yana da wasu rassa uku masu kama da gashin tsuntsu a kowane gefen kansa, da su yake numfashi. Babba yakan kai santimita 25, yana kuma iya shekara 10 zuwa 15 a hannun mai kula. Idan ƙafarsa ta yanke sai wata ta tsiro, da ƙashinta da jijiyoyinta, abin da ya sa masana suke nazarinsa tun da aka kai shi Paris a 1864. Asalinsa tafkin Sochimilko ne a birnin Meziko, inda ya kusa ƙarewa saboda gurɓatar ruwa da baƙin kifaye da aka zuba a tafkin, cikinsu har da karfasa, wadda asalinta daga nahiyarmu take. Tun 2006 aka sa shi cikin halittun da suke bakin ɓacewa a daji. Waɗanda ake sayarwa a kantuna duk haihuwar gida ne.

Game da halacci, malamai sun kafa hujja da labarin ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Manzon Allah (SAW) bai hana shi ba, har ma ya tambaye shi labarin tsuntsun ranar da ya mutu. Amma a Bukhari da Muslim ɗin nan ne kuma aka ruwaito matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya sa dabba a akwati ya ɗauke mata ikon neman abincinta da ruwanta, ya ɗora wa kansa. Kuma nauyin yana kan uba ne, ba kan yarinyar da alƙalami bai hau kanta ba tukuna.

Abu na farko shi ne sanyi, kuma a nan ne maganar take tsayawa ga mafi yawanmu. Aksolotil yana son ruwa mai digiri 16 zuwa 18. Idan ruwan ya haura 24 ya daɗe a haka, sai ya daina cin abinci, cuta ta kama fatarsa, ya mutu a hankali. To, wanda ya san watan Afirilu a garuruwanmu, lokacin da zafi yake wuce 40, ga ɗaukewar wuta dare da rana, ya san abin da nake nufi. Akwai na'urar sanyaya ruwan akwatin, mai tsada, wadda ba ta aiki sai da wuta mai ɗorewa. Wasu kuma suna kunna ƙaramar fanka ta riƙa bugun saman ruwan, wato hikimar randa ke nan, amma ƴan digiri kaɗan take saukarwa. Ra'ayina a fili yake: a Sahel kada a saye shi. Ko a Faransa ma, mai wasiƙa ya tuna da zafin Yuli da Agusta, ya ajiye akwatin a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga, da ma'aunin zafi a cikinsa.

Akwatin gilashin ya kasance mai cin lita 80 zuwa 100 ga guda ɗaya, mai tsawo da faɗi, ba mai zurfi ba, domin a ƙasan ruwa yake tafiya. A sa masa murfi. Kada a shimfiɗa tsakuwa ko kaɗan, saboda yana zuƙe abincinsa ne da ƙarfi, ya haɗiye duk abin da ke kusa, tsakuwar ta toshe masa hanji. Ko a bar ƙasan haka nan, ko a zuba rairayi mai laushi sosai idan ya girma. Ba shi da fatar ido, haske yana damun sa, saboda haka a tanadar masa maɓuya biyu, ko da ƴar tukunyar ƙasa ce marar kaifi da aka kwantar.

Sai abin da ya fi kowane buƙatar haƙuri. Kashin dabbar yana fitar da guba mai suna amoniya. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama cikin soson matacin ruwa, waɗanda suke juya amoniya ta koma nitirit, wasu kuma su juya nitirit ta koma nitirat, wadda cutarwarta ta fi sauƙi. Sabon akwati ba shi da waɗannan ma'aikata. Dole a cika shi da ruwa, a kunna matacin, a riƙa ɗiga ƴar amoniya ko a jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe, a bar shi babu kowa a ciki mako 4 zuwa 8. Ana gwada ruwan da kayan gwaji da ake sayarwa a kantin kifi, sai an ga amoniya da nitirit sun koma sifili, nitirat ta bayyana, sannan a ce gida ya gyaru. Mafi yawan waɗanda dabbarsu ta mutu a watan farko, gaggawa ce ta kashe ta: sun sayo akwati da dabba rana ɗaya.

Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, ɗan uwan ruwan jabel, wanda yake ƙona rassan numfashinsa, ya kuma kashe ƙwayoyin nan masu amfani. Sai an ɗiga maganin da yake kawar da shi. Saboda wannan dalili ne kuma ba a wanke soson a bakin famfo, sai cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Matacin ya zama mai tafiya a hankali, domin ba ya son ruwa mai gudu. Kowane mako a canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwan. Abincinsa mafi kyau tana ce, sau biyu ko uku a mako ga babba. Kada a haɗa shi da kifi, kada yara su riƙa ɗaukar sa da hannu.

A duba dokar ƙasa ma. A Faransa, dokar 11 ga Agusta 2006 ta lissafa zabiyar aksolotil kaɗai cikin dabbobin gida, a jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa an hana ajiye shi.

Shawarar da na ba mai wasiƙa ita ce ya sayi akwatin da matacin kawai, ya damƙa wa yarinya littafi ta riƙa rubuta zafin ruwa da sakamakon gwaji har wata biyu, yana duba ta. Ya kuma zauna da mai ɗakinsa su yanke wanda zai riƙe dabbar idan iyali sun zo hutu gida, domin wata guda ba a barin ta ita kaɗai. Idan yarinyar ta gaji da akwati marar kowa kafin wa'adin ya cika, sai a zuba ƙananan kifaye masu jure zafi a ciki.

Wassalamu alaikum.