SHARHI: Kamfanonin da ke tara kuɗi kafin su san abin da za su saya: waye ke cin riba, waye ke ɗaukar asara?

A shekarar 2025 wani salon tara jari da aka ɗauka ya mutu ya sake farfaɗowa a kasuwannin hannun jari na Amurka. Kamfanoni ne da ake kira SPAC, waɗanda ba su da masana'anta ko haja ko abokan ciniki. Suna karɓar kuɗin jama'a bisa alƙawarin cewa nan gaba za su nemo wani kamfani mai aiki su haɗe da shi. Tunda manhajoji irin su Bamboo da Trove sun bai wa 'yan Najeriya damar sayen hannun jarin Amurka ta wayar hannu, lamarin ya shafi aljihun wasu a nan gida.

Salon ya kai ƙololuwa a 2021, lokacin da irin waɗannan kamfanoni 613 suka tara fiye da dala biliyan 160, bayan 248 da suka tara kimanin dala biliyan 83 a 2020. A 2023 adadin ya faɗo zuwa 31 kacal. Dalilin tashin da na faɗuwar duk suna cikin yadda aka tsara takardu uku da ake sayarwa.

A ranar farko ba hannun jari tsura ake sayarwa ba. Ƙunshi ne da 'yan kasuwar ke kira yunit, galibi a kan dala 10. A cikinsa akwai hannun jari ɗaya da wani ɓangare na takardar damar saye, rabi ko sulusi ko rubu'i. Kuɗin da aka tara ana ajiye su a asusun amana, inda ake saka su a takardun lamuni na gwamnatin Amurka masu gajeren wa'adi. Bayan kimanin kwana 52 ana iya raba ƙunshin, kowace takarda ta shiga kasuwa da farashinta.

Hannun jarin ne ke da kariya. Masu kafa kamfanin na da wa'adin wata 18 zuwa 24 su samo abin saye, kuma dokokin kasuwannin New York da Nasdaq ba su yarda a wuce shekara 3 ba. Idan an samo, mai hannun jari na da zaɓin mayar da shi ya karɓi rabonsa daga asusun amana, wato kusan dala 10 da ɗan abin da ta haifa, ko da ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da cinikin. Idan ba a samo ba, a rushe kamfanin a mayar wa kowa kuɗinsa.

Takardar damar saye kuwa ba ta da wannan kariya. Tana bai wa mai ita ikon sayen hannun jari ɗaya a kan dala 11.50 bayan an haɗe, yawanci har tsawon shekara 5. Idan farashi ya kai dala 15, bambancin dala 3.50 nasa ne. Idan aka rushe kamfanin ba tare da ciniki ba, takardar ta zama banza. Haka nan idan farashi ya tsaya a dala 18 ko sama na kwana 20 cikin kwanakin ciniki 30, kamfanin na iya kiran takardun a kan santi 1 kowace, don haka wanda bai yi amfani da tasa cikin wa'adin sanarwa ba ya yi asara.

Wannan tsari ya fi yi wa manyan masu zuba jari na farko daɗi. Suna sayen ƙunshi a dala 10, su mayar da hannun jarin su karɓi kuɗinsu cif, su riƙe takardar damar saye a kyauta. Masu kafa kamfanin su ma suna da nasu kason: bisa al'ada suna samun kashi 20 cikin 100 na dukkan hannayen jari a kan dala 25,000 kacal. Suna zuba wasu miliyoyi na ɗawainiya waɗanda za su salwanta idan ba a yi ciniki ba. Saboda haka mummunan ciniki ya fi musu rashin ciniki.

Lissafi mai sauƙi zai nuna inda nauyin ke sauka. A ɗauka kamfani ya sayar da ƙunshi miliyan 25, ya tara dala miliyan 250, masu kafawa suka samu hannun jari miliyan 6.25. Idan kashi 80 cikin 100 na masu saye suka janye, saura dala miliyan 50 a asusu, amma hannayen jarin da suka rage miliyan 11.25 ne. Kowane hannun jarin da ake kira na dala 10 yana da tsabar kuɗi kimanin dala 4.44 a bayansa, tun kafin a biya bankuna da lauyoyi. Wani nazari da Michael Klausner na Jami'ar Stanford da Michael Ohlrogge na Jami'ar New York suka jagoranta kan cinikayyar 2019 zuwa tsakiyar 2020 ya gano cewa matsakaicin abin da ke bayan kowane hannun jari bai kai dala 7 ba. Wanda ya zauna har bayan haɗewa shi ke cike giɓin: kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Wanda ya saya a kasuwa sama da dala 10 ya fi kowa shiga haɗari, domin asusun amana bai san abin da ya ɗora a kai ba. Digital World ya tara dala miliyan 287.5 a Satumbar 2021. Da aka sanar a Oktoba cewa zai haɗe da kamfanin sadarwa na Donald Trump, farashinsa ya taɓa dala 175 cikin kwana 2, alhali kariyarsa ba ta wuce kusan dala 10 ba. A 2023 ya amince da biyan tarar dala miliyan 18 ga hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka kan ɓoye tattaunawar da aka fara tun kafin sayar da ƙunshinsa, kuma sai a Maris 2024 aka kammala haɗewar.

Afirka ma ta ɗanɗana. Swvl, kamfanin motocin haya na Masar, ya shiga Nasdaq a Maris 2022 ta hanyar Queen's Gambit, bisa ƙimar kusan dala biliyan 1.5. Bayan wata 2 ya sallami kusan sulusin ma'aikatansa, kuma a farkon 2023 sai da ya dunƙule kowane hannun jari 25 zuwa ɗaya saboda zubewar farashi. A ɗaya gefen, Bill Ackman, wanda ya tara dala biliyan 4 a 2020, ya mayar wa mutane kuɗinsu a 2022 da ya rasa cinikin da ya dace. Masu hannun jari sun tsira da uwar kuɗinsu.

A Janairun 2024 hukumar ta Amurka ta amince da sababbin ƙa'idoji da suka tilasta bayyana ladan masu kafawa da yadda ƙimar hannun jari ke raguwa, ta kuma tsaurara alhakin hasashen riba. Ƙa'idojin sun ƙara haske, amma ba su sauya lissafin ba. Wasu sababbin kamfanonin sun rage takardun damar saye ko sun daina bayar da su, sai dai kason masu kafawa na nan.

Abin da ya rage ga mai saye shi ne ya san wace takarda ce a hannunsa, nawa ne a asusun amana a bayan kowane hannun jari, da ranar da damar janyewa ke ƙarewa. Wanda ya bari ranar ta wuce ya bar kariyar dala 10, ya zama mai hannun jari a kamfanin da wasu suka zaɓa masa, a farashin da suka yanke.