Lokaci ya yi da za a sauke tsofaffin kwandunan satalayit a Babban Giji

Duk wanda ya ɗaga kai a Babban Giji ko Gyadi-Gyadi zai ga manyan kwandunan satalayit sun yi tsatsa a saman gidaje. A shekarun 1990 alamar arziki ne. Yau ƙwallon Ingila da finafinan Kannywood sun koma waya ko ƙaramin kwando irin na DStv, manyan kuwa an bar wa tattabaru.

Barinsu a can ganganci ne. Iskar farkon damina ba ta wasa a Kano, kuma faffaɗan kwando tare iska yake yi kamar laima. Idan tsatsa ta cinye kusoshin, sai ya tashi da kwanon rufi, ya faɗa kan wayar lantarki, ko tsakar gidan maƙwabci inda yara ke wasa.

Sai dai saukewar ba aikin yaran gida ba ce. A kira mai walda ya kwance shi gunduwa-gunduwa, a zuro da igiya. Ramukan kusoshi kuma a toshe da kwalta, in ba haka ba yoyo zai lalata silin. Ƙarfen ma 'yan gwangwan na saye a kan sikeli, kuɗin ya rage ladan mai walda.