Ilimi Ba Gadon Wani Gida Ba Ne

'Yan'uwa, duk wanda ya san Kano ya san Madabo, unguwar da ta shahara da karatun fiƙihu, musamman Mukhtasar. To, su wa suka kawo wannan ilimi? Wangarawa ne, baƙi daga ƙasar Mali. Da Kanawan wancan zamani sun tsaya binciken asalinsu, da ba mu gaji komai ba.

Abin takaici, da aka zo rabon ilimi sai aka koma duba asali. Sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, 'ya'yan sarakuna da na malamai aka ɗiba. Bayin gandu da Maguzawa da Fulanin daji kuwa, aka bar su da fartanya da sanda. An haramta bauta a 1936, an kawo ilimin firamare kyauta a 1976, an kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, amma har yau ɗan birni na kiran ɗan manomi baƙauye, alhali hatsin ubansa yake ci.

Wannan jahiliyya ce tsantsa. Shari'a ba ta san fifiko ba sai na taƙawa, kuma wajabcin neman ilimi bai ware ɗan kowa ba.

Saboda haka muna kira ga malamanmu da attajiranmu su fita bayan ganuwa, su gina makarantu a ƙauyuka da rugage, su ɗauki nauyin albashin masu koyarwa. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Allah Ya sa mu dace, amin.