Wandon Jins Ɗinkin Kaduna: Ta Ina Matasa Za Su Fara?

Duk wanda ya ratsa titin Ahmadu Bello da yamma, ko ya tsaya a tashar Kawo, zai ga cewa wandon jins ya zama suturar yau da kullum ga matasa, tun daga ɗalibi har zuwa bakanike. Abin takaici shi ne, akasarin waɗannan wanduna daga ƙasashen waje ake shigo da su, sababbi ko gwanjo, alhali kuwa Kaduna gari ne da ya yi suna wajen tufatar da Nijeriya.

Idan dai ba a manta ba, a shekarar 1957 ne masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, ƙetaren kogi, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Daga baya Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo sahu, inda dubban ma'aikata ke cin abinci, manoman auduga na Zariya da Funtuwa da Gusau kuma suka sami kasuwa. Ƙarancin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin yadi su suka durƙusar da su: Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL kuma ta tsaya da aiki a 2007. An ware asusun Naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin farfaɗo da harkar, sannan a 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi sayen kuɗin waje daga hannunsa, kafin a janye hanin a 2023. Duk da haka masaƙun ba su koma yadda suke ba.

Darasin da ke cikin wannan a fili yake. Matashin da ke son kafa ƙaramin kamfanin ɗinka jins ba zai zauna jiran ranar da manyan masaƙu za su tashi ba. Wajibi ne ya fara da abin da ke hannu, kuma abin da ke hannu yana da yawa.

Na farko shi ne yadi. Binciken da kamfanin Levi Strauss na Amurka ya fitar a 2015 ya nuna cewa wando guda yana cin ruwa lita 3,781 tun daga gonar auduga har zuwa wankinsa na ƙarshe. Ke nan tsohon wandon da aka jefar dukiya ce da aka riga aka yi wa ɗawainiya. Kasuwar Barci da ke Tudun Wada ta daɗe da shahara da teloli da 'yan gwanjo, kuma a kowace dila akan sami wandunan da ba su sayuwa saboda yagewa ko girma. Tela mai basira zai saye su da araha, ya farke, ya fitar da jakar makaranta da hula da rigar aikin bakanike da wandon yara.

Na biyu shi ne rini. Yadin jins ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin zaren tsaye ake rinawa da shuni a bar na kwance fari, haɗin launin da kakanninmu suka sani a jikin saƙi. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yanzu da baba da toka take aiki, yayin da masana'antun duniya suka koma shunin sinadari tun da aka fara sayar da shi a Jamus a 1897. Rinin baba yana ɗaukar lokaci, yana kuma da tsada, saboda haka ba zai yi gasa da kayan Sin a farashi ba. Amfaninsa shi ne ya bambanta kayan Kaduna da na kowa.

Na uku shi ne amana. Ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe da Jacob Davis da Levi Strauss suka yi wa rajista a 1873 an sanya su ne domin kada aljihun lebura ya yage. Inganci ne ya gina sunan, ba talla ba. Don haka ya kamata mai farawa ya tsaya kan kaya iri ɗaya ko biyu, ya daidaita awo, ya yi rajistar sunansa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya kuma karɓi gyaran duk abin da ya ɗinka.

Ga mutanen karkara, gaskiya ɗaya ce: shagunan teloli ba za su ɗaga farashin auduga nan take ba. Amma noman baba da saƙar hannu za su iya samun masu saye na dindindin, idan aka ƙulla yarjejeniya tun kafin damina.

Jami'an ƙananan hukumomi kuwa suna da rawar takawa wadda ba ta buƙatar biliyoyi. Keken ɗinki na gida yakan sha wahala wajen huda jins mai ninki da yawa, don haka rumfa guda mai kekunan masana'anta da wutar sola, wadda teloli za su riƙa haya, za ta fi rabon kuɗi amfani. Haka nan ana iya ba su kwangilar rigunan masu shara da leburori, a kuma nemi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta horar da su kan yanka da awo. Sai kuma batun ruwan wanki da na rini. Mazauna Kaduna ba su manta yadda dattin masaƙu ya riƙa bin magudanar Makera yana shiga kogi ba. Lallai ne a tanadi ramin tace ruwa tun ranar farko, tare da sa idon hukumar kare muhalli ta jiha.

Shago ɗaya ba zai maye gurbin Kakuri ba, amma ai da yayyafi kogi kan cika. Allah Ya sa mu dace.