Gyara Kayanka Ya Zama Sauke Mu Raba

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata ɓarna da ake yi mana da rana tsaka, muna kallo, har ma da kuɗinmu muke biya a yi mana ita. Duk wanda ya ratsa kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ko ya tsaya a bakin tasha a Ƙauran Namoda ko Zurmi, ya san rumfunan masu tura waƙa a waya. A nan ne ake kama tsohon kaset na makaɗan ƙasarmu, wanda aka ɗauka a zama guda a ƙofar fada ko a wajen biki, a juye shi cikin kwamfuta, sa'an nan a daddatsa shi gunduwa-gunduwa kamar naman Sallah, a laƙaba wa kowace gunduwa sunan da aka ga dama. Masu wannan aiki gyara suke kiransa. Mu kuwa mun ce gyara kayanka ne ya zama sauke mu raba.

Kada wani ya zaci gāba muke yi da na'ura. Kaset ɗin kansa baƙo ne, domin sai a 1963 kamfanin Philips ya fito da shi, kuma shi ne ya 'yanta makaɗanmu daga ƙuncin faifan garmaho, wanda gefensa guda ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da ɗoriya. Da kaset ya zo, mai cin minti 30 ko 45 a kowane gefe, sai aka sami damar ɗaukar waƙa yadda ake yin ta a fili, da kirarin maroƙa, da guɗa, da hayaniyar jama'a. Abin takaici, mu da muke tutiya da ilmin zamani, mu ne muka mai da waƙar cikin kurkukun minti uku da hannunmu.

Bari mu duba yadda waƙar baka take, don a ga inda wuƙar take sara. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun nuna cewa waƙar makaɗi tana da gindi, wanda 'yan amshi ke komawa gare shi, tana kuma da ɗiya, waɗanda jagora ke jerowa ɗaya bayan ɗaya. Gindin ne ke faɗin wa aka yi wa waƙar. Idan aka yanko ɗa guda aka raba shi da gindinsa, to an mai da shi maraya: zambon da ke cikinsa ba a san wa aka yi wa ba, yabon kuma ba a san mai shi ba. Haka ake yi wa Ibrahim Narambaɗa, ɗan Tubali, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa, wanda ya rasu tun farkon shekarun 1960, ba shi da bakin da zai ce a'a. Haka kuma ake yi wa Kassu Zurmi, mawaƙin 'yan tauri, wanda kirarinsa ba ya jiyuwa sai an bar shi ya ɗauki zafi.

Mafi muni shi ne abin da ake zubarwa. Mai yanka yakan ɗauki maganar da ke tsakanin waƙa da waƙa a matsayin shara. Alhali kuwa a nan ne sanƙira yake shelar wanda ya ba da riga, da wanda ya ba da doki, da hakimin da ya iso, da garin da aka sauka. Kaset ɗin da ba a rubuta masa kwanan wata ba, da waɗannan sunaye ne mai bincike zai gane zamaninsa. Wanda ya share su ya ƙone takardar shaidar haihuwar waƙar, ya bar mu da murya ba asali.

Za a ce mana ai na'ura ce ke yin rabon, ba son zuciya. Gaskiya ne manhaja irin su Audacity tana iya bin sauti ta nemo inda aka yi shiru ta sa alama. Amma wannan dabara an yi ta ne domin faifan da aka shirya a ɗakin ɗaukar murya, inda ake barin tazara tsakanin waƙoƙi. A ƙofar fada ina shirun yake? Kiɗa ba ya tsayawa don an sauya gindi, kuma jagora yakan yi ɗif a tsakiyar waƙa don a kawo masa kyauta. Saboda haka na'urar sai ta haɗe waƙa biyu, ta raba guda uku. Kunnen da ya san waƙar ne kaɗai zai iya nuna gaɓa.

Za a kuma ce kuɗin data ya yi tsada, kuma yaran yanzu ba su da haƙurin sauraron awa guda. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce kada a raba ba sam. Mai neman waƙa guda yana da hakkin ya same ta ba tare da ya yini yana laluba ba. Abin da muka ƙi shi ne a raba a yar da uwa. Awa guda ta sauti, ko da an adana ta a tsarin WAV wanda ba ya rage komai, ba ta kai gigabait ɗaya ba. Wane uzuri ya rage?

To, ina mafita? Da fari, a juye kowane kaset ɗungurungum, daga farkon gefe har ƙarshensa, a adana shi a wuri fiye da ɗaya, kada wuƙa ta taɓa shi. Na biyu, a yi rabon a kan kwafi, kuma a yanka a inda gindi ya sauya kawai, a bar shelar sanƙira manne da waƙar da ta biyo ta. Na uku, kowane yanki a rubuta masa sunan makaɗi, da wanda aka yi wa waƙar, da lambar kaset ɗin da ya fito, da mintin da ya fara. Na huɗu, a zauna da dattawa da tsofaffin 'yan amshi a kunna musu, su faɗi abin da suka sani tun suna raye.

Wannan aiki ba ya jiran gobe. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, kuma rashin tsaron da ya addabi ƙasar Zurmi da Shinkafi ya tayar da ƙauyuka da dama; mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar kwalin kaset. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda tun 1983, ga Jami'ar Tarayya a Gusau, ga 'yan'uwanmu ƙananan ma'aikata a ofisoshin al'adu da gidajen rediyo. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da Ƙungiyar Hausa su kafa kwamitin wannan aiki kafin hutu mai zuwa, kowane ɗalibin ƙasar nan ya dawo da kaset ko da guda ne daga gidansu, a juye a mayar wa mai shi. Idan muka yi sake, jikokinmu za su gaji tarin guntaye ba kai ba gindi, kuma ba mai rumfar tura waƙa za su tuhuma ba, mu da muka yi karatu za su tuhuma. Allah ya sa mu farga.